Littafin Saman Kwaba

Hajiya dai ba ta taɓa kwana da kayan aro ba in ranar mayarwa ta yi. Ko tsintsiya ta ara a maƙwabta, tana gama shara za ta kakkaɓe ta, ta kai da ƙafarta. Shi ya sa ranar da surukarta ta shigo da wani littafi mai shafuka masu kauri kamar kwali, abin da ta fara tambaya shi ne na wane ne, kuma yaushe za a mayar.

Surukar ta ce daga ɗakin aro ne, wanda ke gefen shagon mai gyaran waya, inda wata malama ke ba iyaye littattafan yara su kai gida. Ranar Alhamis za a mayar. Saboda Takwara aka aro, jikar Hajiya mai sunanta. Turanci ya ƙi zama a bakin yarinyar, malamin ajinsu kuma ya ce in ba ta karanta masa littafi guda daga farko har ƙarshe ba kafin hutu, sa'o'inta za su wuce su bar ta da ƙanana. Surukar tana faɗa tana zura takalmi, don gidan wankin da take aiki ba sa jiran kowa.

Da Hajiya ta fito daga kicin sai ta tarar da Takwara rub da ciki a tsakar ɗaki, ƙafafu a sama, littafi a ƙasa, yatsu duk maiƙo. Ta leƙa. Hoton wata yarinya ce tana alwala. Hajiya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma sunan Allah da Larabci ko daga nesa ta san shi, ga shi kuwa a saman kowane shafi. Ta fizge littafin, ta goge da bakin zaninta, ta naɗe a sabon ɗankwali, ta taka kujera ta ɗora a saman kwaba.

Takwara ko a jikinta. Da ma abin da take so ke nan.

Kullum uwar ta dawo a gajiye ta tambayi karatu, yarinyar sai ta ce littafin yana wurin Hajiya. Uwar ta ɗauka tsohuwa ce ke zaunar da ita, ta yi ta godiya tana sa albarka. Hajiya kuma ta ɗauka godiyar adana ce, ta yi ta amsawa.

Ranar Laraba uwar ta ce a karanta mata ta ji. Aka taka kujera aka sauko da shi, fes, ko ƙura babu. Takwara ta kafa wa shafin farko ido, ta kai yatsa baki, shi ke nan. Surukar ba ta ɗaga murya ba. Naɗe ɗankwalin kawai ta yi ta miƙa wa Hajiya.

"Don a karanta aka ba mu, Hajiya. Ba ajiya aka kawo ba."

Washegari Hajiya ta kasa zama. Ta share ɗakin da ta riga ta share. Ta ɗauki littafin, ta ajiye, ta sake ɗauka. Godiyar nan da ta yi ta karɓa ba ta yi aikinta ba ita ce ta tsaya mata a rai. In ta riƙe littafin ya wuce ranarsa, ba halinta ba ne. In ta mayar yarinya ba ta karanta ba, ita ta jawo. Ana tashi daga makaranta ta ja hannun Takwara, suka bi ta gaban mai gyaran waya, tana ta juya yadda ake roƙon ƙarin kwana, abin da bakinta bai taɓa yi ba.

Ɗakin aron ɗan ƙarami ne, da tabarmar roba da kujerun yara. Malamar ta saurare ta har ƙarshe, ta ba ta haƙuri, ta ce matar direba, maƙwabciyar su Hajiya, ce ke jiran littafin, har ta zo nema ba ta samu ba. Littattafan da suka rage a ɗakin kuwa na manya ne, rubutu zalla. Ta ce wannan ne daidai Takwara, tunda ta riga ta iya alwala, ta san abin da ke biye da wani, kalmomin ne kawai baƙi.

Hajiya ta miƙa littafin da hannu biyu. A ranarsa dai ya koma.

Matar direba kuwa akwai tsohuwar magana. Lokacin da ƙafa ta kwantar da Hajiya, kowa a layin ya zo dubiya ban da ita, Hajiya kuma ta ce ita da ƙofar matar sai ranar da aka biya ta gaisuwarta. Har suka iso gida tana tuna wa kanta wannan. Takwara ce ta ɓata lissafin, ta tambaya a hankali ko a ajin ƙanana ma ana barin mutum ya zauna a baya, inda ba a ganinsa.

Da la'asar ɗin Juma'a Hajiya ta hau benen matar direba tana dafa bango, tana cewa Takwara ta daina janta kamar akuya. Matar ta buɗe ƙofa ta yi turus, sannan ta hau gaisuwa. Hajiya ba ta ji rabi ba. Littafin ta hango a ƙasa, ɗan autan gidan ya kama gefensa yana tsotsa.

Ta ƙarasa ta zare shi daga bakin yaron, ta goge yawun da mayafinta. Su ma suna da kwaba, doguwa. Hajiya ta dubi saman kwabar. Takwara ma ta duba.

Sai Hajiya ta zauna a bakin kujera, ta shimfiɗa mayafin a cinya, ta ɗora littafin.

"Ƙasa dai ba zai koma ba ina nan. Zo, uwar son jiki. Ni zan riƙe, ke ki karanta."

Takwara ta fara, tana yi tana cijewa. Ta wuce hannu, ta wuce baki, ta tsaya cak.

"In kin kurkure baki sai me?" in ji Hajiya.

"Hanci."

"To nemo shi a yarensu. Yana nan, ba inda ya je."

Yarinyar ta bi da yatsa, ta furta wani abu, ta ɗago tana jiran hukunci. Hajiya ta juya ga matar direba, don ita ta ɗan taɓa boko. Matar ta ce daidai ne. Haka suka yi ta rarrafawa, matar gidan na gyara mata, ɗan auta na jan mayafi, har suka kai wankin ƙafa ana gab da kiran magariba.

Matar direba ta kawo shayi, ta ce su riƙa zuwa kullum har ranar mayar da littafin. Hajiya ta karɓi kofin tana auna abin: ta zo tana bin bashin gaisuwa ɗaya, ga shi za ta sauka ita ce mai nauyi a ka. Ta kurɓa, ta ce da zafi, ta ajiye. Ta mayar da shafukan baya.

"Daga farko, Takwara. Malaminku ba zai tambaye ki bayan baki sai me ba."