Ƙasar Malami a Zauren Kulob

Da hantsi ne, sama ta yi duhu, ana wani yayyafi marar ƙarfi wanda ya ƙi tsayawa tun asuba. A cikin tsohon zauren kulob na Talata Mafara mutane sun zauna a kan benci, kowa yana kauce wa inda rufi ke ɗiga. Alhaji Maikuɗi, shugaban kwamitin unguwa, ya dafa teburin ƙwallon da ƙafarsa ɗaya ta karye, ya sake tambaya: a rushe a yi shaguna, a mai da shi ɗakin ajiyar taki, ko a gyara?

Zauren nan ma'aikatan madatsar Bakolori aka gina wa, a lokacin da gari ke cike da manyan motoci da baƙi Turawa. Da aiki ya ƙare suka tafi, suka bar fanka wadda ba ta juyawa da tagogi marasa gilashi. Jemagu suka samu gida a silin.

Falalu mahauci ne ya yi magana da bakin samari. Ba gwanin zance ba ne, amma ya ce su dai a gyara, a sa sabon kwano, a yi sabon daɓen siminti, a kawo talabijin, yara su daina zama bakin kanal ɗin ban-ruwa. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan hakan. Aka ba Nasidi magini aikin, wani mutum mai shiru wanda ke zaune can baya da hula a gwiwa.

Sai aka ji tari daga kusurwar gabas. Malami ne, tsohon da gidansa ke jingine da na su Falalu, katanga ɗaya. Yana zaune a ƙasa kusa da wata tsohuwar tabarma da ke shimfiɗe ba kowa a kanta.

"Alhaji, in an zo daɓen, wagga ƙasa tawa fa?"

"Baba Malami, ƙasa kuma? Ga ta nan cike da gari."

"Ku bari in tahi da ita," in ji shi.

Aka yi dariya, aka ce ya ɗauka mana, wa ya hana shi. Nasidi kaɗai bai yi dariya ba.

Falalu ya san abin da ke ƙarƙashin tabarmar. Ƙauyen su Malami yana can gefen Maradun, yanzu ruwan madatsa ne a kansa, da gonaki da rijiya da maƙabarta. Ranar da aka kwashe su, wasu sun ɗauki ƙofofi, wasu turmi. Shi Malami buhu ya cika da baƙar ƙasar ƙofar gidansu. Da ya samu aikin shara a kulob, sai ya juye ta a kusurwar da siminti ya fashe, ya haƙa guraben dara. Nan tsofaffin ƙauyen ke haɗuwa da la'asar, Turawa na buga ƙwallonsu a can, su suna dararsu a nan. Ɗaya bayan ɗaya suka ƙare. Na ƙarshe shi ne Buba, wanda ya tashi a tsakiyar wasa ya ce kansa na sarawa, gobe zai ƙarasa. Goben ba ta same shi ba.

Tun ranar Malami bai taɓa tsinke ko dutse ɗaya ba. Kullum zai zo ya ɗaga tabarmar, ya zauna yana duban guraben. Falalu ya taɓa shigowa ya ji shi yana cewa a hankali, "To Buba, kai muka jira."

Da yammacin ranar taron Falalu ya kai wa Malami romo, ya same shi kwance a zauren gidansa, ƙafafunsa sun kumbura. Bayan doguwar gaisuwa ya ce gobe zai zo da buhu ya kwaso masa ƙasar gida, kafin magina su fara.

Malami ya girgiza kai. Ya ce wasa bai ƙare ba, kuma ba shi ke da hannu ba, Buba ne zai buga, ba zai watsa wa mutum dara a bayan idonsa ba. Sannan ya ƙara da cewa:

"Ɗana, ran da nit tahi, da ita za a kwaɓa a rufe ni. Uwata da ubana suna ƙarƙashin ruwa, ba a kai ni gare su. Kak ka manta."

Falalu ya ce Allah ya ba da lafiya, ai da saura. Amma ya yi alkawari.

Kwanakin da suka biyo Malami bai ƙara fita ba. Falalu ya riƙa leƙa zauren kulob in ya taso daga kasuwa. Wata rana ya ɗaga tabarmar, ya ga wani dutse ya sauka daga gurbinsa zuwa na kusa. Ya ɗaga kai, ya ga rufi na ɗiga daidai wurin. Ya ce wa ransa ruwa ne ya zaizaye gefen gurbin. Duk da haka ya mai da tabarmar da sauri, ya fita bai waiwaya ba. Da ya gaya wa Malami, tsohon ya tambayi wane dutse, ya koma ina. Ya yi murmushi.

"Buba ya cinye ni ke nan," in ji shi.

Ranar Talata, kasuwa ta cika, Falalu na tsakiyar yanka nama aka zo aka ce masa Malami ya cika, za a kai shi bayan azahar. Ya ajiye wuƙa, ko hannu bai wanke ba ya nufi kulob don ɗebo ƙasar. An ce sai bayan kasuwa za a fara aiki, don haka hankalinsa a kwance yake.

Daga nesa ya ji ƙarar diga. Leburori sun fara tun safe. Kusurwar gabas an share ta tas, an fasa tsohon simintin, tabarmar na rataye a taga. Ya tambaye su ƙasar da ke nan, suka nuna masa bayan zaure, inda aka tara ɓaraguzai da kashin jemage da yashi, ruwa ya bi ta kai. Ya durƙusa ya tona da hannu har farcensa ya yi jini. Ba abin da zai iya cewa wannan ce. Ya tambayi inda Nasidi yake, suka ce ya fita tun ɗazu.

Haka ya bi gawar hannu wofi, kansa a ƙasa. Aka sa Malami a makwancinsa, aka jera itace, aka shimfiɗa ganye. Aka ce a miƙo kwaɓi.

Mai kwaɓin yana gefe a durƙushe, ya naɗe hannun riga. Nasidi ne, da kwanon sarkinsa na ɗibar siminti. Ƙasar maƙabartar ja ce, amma abin da ke cikin kwanon baƙi ne wuluk. Ya riƙa curawa yana miƙawa, hannu zuwa hannu, ba wanda ya lura. Da curin ya iso hannun Falalu sai ya ji wani abu mai tauri a ciki. Ɗan dutse ne mai sulɓi, irin na rafi. Ya mai da shi ciki da babban yatsa, ya miƙa gaba.

Aka yi addu'a, mutane suka juya wajen 'yan uwan mamaci suna gaisuwa. Nasidi ya ɗauraye kwanonsa da sauran ruwan buta, ya kifa shi a ka saboda yayyafin da ya dawo, ya bi hanyar kulob.