Ranar Kwance Rawani

A shekarar da ta biyo bayan faɗan Damazin, babu abin da aka yi wa gardama a ƙauyen su Nasiba, nan kusa da Suki, kamar wani mutum mai baƙin rawani wanda ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. A talabijin yake. Musalsal ne, irin wasan nan da ake nunawa kashi-kashi kullum, an juya shi da Larabcin Sham, ana maimaita shi bayan la'asar. Gidan Fatsuma matar mai shago ne kaɗai ke da dish, saboda haka can mata ke taruwa a ƙarƙashin rumfa, ana soya bunni, wato 'ya'yan gahawa, ana dafa jabana da shi ana zubawa, maza kuma su tsaya a bakin ƙofa su ce wucewa suke yi.

Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne, Raslan. Sarauniyar aljannu ta kulle ruwan sama a cikin wani dutse, ƙasa ta bushe, shi kuma ya shiga dutsen don ya sako ruwan, ƙofa ta rufe a bayansa. Bayan kwana arba'in sai ga baƙo ya bayyana a birnin, ya naɗe fuska da baƙin rawani, ba ya magana da kowa, yana kare mutane daga mayaƙan sarauniya.

Nasiba ba ta damu da aljannun talabijin ba. Nata tashin hankalin ya ishe ta. Mijinta Bilyamin direban tarakta ne a manyan gonakin kudu da Damazin. Ya tafi da damina kamar yadda ya saba, faɗa ya ɓarke, wayarsa ta daina shiga. Wata takwas ke nan. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo saƙo ba. Ita da uwarsa Ma'u suka rage a gida, tsohuwar kuwa ta daina cin abinci sai an yi da gaske. Takan wuni a kan gado tana fuskantar bango.

Nasiba ce da kanta ta ja ta zuwa gidan Fatsuma.

"Inna, tashi mu je ki ga mutane. Ko ba ki kalla ba, ki sha jabana."

Ranar farko Ma'u ta zauna a baya tana jan carbi. Rana ta uku ta matso. Da aka yi mako, ita ce ke tashin Nasiba tun kafin a kira la'asar, tana cewa su yi sauri kada a cinye musu wuri. Ta koma cin kisra da miya har tana neman ƙari. Nasiba ta yi hamdala, ta ce magani ya samu.

Kowa a ƙauyen da nasa hasashen. Fatsuma ta rantse mai rawanin nan Raslan ne, ta ce ku dubi yadda yake ɗingisa ƙafar hagu, ai a kashi na huɗu mashi ya same shi a nan. Sulaiman tela ya ce ƙarya ne, ƙanensa ne maci amana, shi ya tura ƙofar dutsen, yanzu nadama ke cinsa. Mero mai wainar bakin hanya ta ce ku duka ba ku san aljannu ba, sarauniyar ce ta aiko bawanta cikin siffar mutum don ta yaudari birnin. Har Alhaji Mato, wanda ya ce a masallaci kallon nan ɓata lokaci ne, an ji shi yana tambayar matarsa a hankali ko baƙon ya yi magana yau. A bakin tur'a, inda ake buɗe wa gonaki ruwa, manoma biyu sun kusa dambe a kan ɗingishin nan.

Wata rana suna komawa gida, Ma'u ta tsaya ta kama hannun Nasiba.

"Ɗiyata, kin lura da uwar Raslan? Kowa ya ce mata ta yi zaman makoki, ta ƙi. Ita ta sani."

"Wasa ne, Inna."

"Na san wasa ne. Amma Allah yana nuna wa bawa alama ta inda ya so. Ranar da yaron nan ya kwance rawani, ni na san nawa yana hanya."

Nasiba ta dube ta. Ta so ta ce wani abu, sai ta ga yadda idon tsohuwar ke haske, ta haɗiye.

Saura kashi tara a gama sai ga Sabah, 'yar ƙanen baban Nasiba mai karatu a birnin Madani, ta zo hutu. Da ta ji gardamar da ake yi sai ta kwashe da dariya. Suna wanke-wanke ita da Nasiba ta ce da Larabci, don Hausarta ta yi rauni:

"Wannan ai tsohon abu ne, mun gama shi a intanet tun bara. In gaya miki?"

"Gaya mini."

"Ba Raslan ba ne. Raslan ya mutu tun ranar da ya shiga, ya zama gishiri a cikin dutsen. Mai rawanin wani bawa ne da Raslan ya taɓa 'yantawa. Ɗingishin ma kwaikwayo yake yi."

Kwanon da ke hannun Nasiba ya suɓuce cikin ruwa. Ta sa Sabah ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, Sabah ta rantse tana mamakin abin da ya yi zafi haka.

Daga ranar kallo ya zame wa Nasiba azaba. Tana zaune kusa da Ma'u, duk lokacin da mai rawani ya fito sai tsohuwar ta dafa mata gwiwa ta ce, "Ga shi nan." Ta yi tunanin ta lallaɓa ta yanke wayar dish ɗin Fatsuma. Ta yi tunanin ta kwanta ciwon ƙarya ranar ƙarshe don Inna ta zauna jinya. Daga baya ta ga gara ta fara sassauta wa tsohuwar zuciya tun yanzu, kada abin ya faɗo mata gaba ɗaya.

Sai ta shiga gardamar da ba ta taɓa shiga ba. Bayan an gama kashi na ashirin da biyar, ana tattara kofuna, ta ce:

"Ni fa ina ganin ba shi ba ne. Wanda ya shiga dutse kwana arba'in ba ci ba sha, ta ina zai fito? Ƙila wani ne dabam da ke ƙaunarsa."

Fatsuma ta juyo. "Ke kuma yaushe kika zama malama? Ɗingishin fa?"

"Ɗingishi ai kowa na iya yi."

"To me ya sa yake tsayawa a ƙofar uwar kullum da safe?"

"Tausayi."

Mero ta yi tsaki, ta gyara zama. Mace ce da ba ta tauna magana.

"Wasu dai sun ƙagu a ce wanda ya tafi ya mutu. Ko don a buɗe musu hanya, oho."

Fatsuma ta ce, "Haba Mero, haram alaiki," amma magana ta riga ta fita. Nasiba ta ɗago kai. Ta dubi Ma'u tana jiran ta kare ta, sai ta ga tsohuwar ta janye hannunta daga gwiwarta a hankali, ta mayar cikin mayafi.

Kwana huɗu Ma'u ba ta yi mata magana ba sai abin da ya zama dole. Maganar Mero kuwa ta zaga ƙauye, har ta dawo da ƙari: wai an ga wani ɗan kasuwar Sinnar yana gaisawa da baban Nasiba. Nasiba takan tafi hawasha, gonar ban ruwa ta mijinta, ta yi ciyawa ita kaɗai, ta yi kukanta a can inda ba mai gani. Abin da ya fi cinta shi ne ita ma ba ta san abin da ta yarda da shi ba. Wani lokaci takan ji Bilyamin na raye kamar za ta ji tarinsa a zaure. Wani lokaci takan nemi kamannin fuskarsa a ranta ta rasa.

Ranar kashi na ƙarshe, da hantsi, ta tarar da Ma'u ta fito da tob ɗinta, babban mayafinta fari na zuwa biki, tana kakkaɓewa. Nasiba ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ki gafarce ni. Sabah ta ga ƙarshen wasan nan tun bara. Ba Raslan ba ne. Ya mutu a cikin dutsen. Na ɓoye miki ne don ban san yadda zan faɗa ba."

Ma'u ta ci gaba da kakkaɓe tob ɗin.

"Sabah yarinya ce. Ƙila wani ta gani."

"Shi ne, Inna. Wallahi shi ne. Kada ki je."

"Zan je."

Ba a taɓa cika gidan Fatsuma irin ranar ba. Mijinta ya fito da talabijin tsakar gida, ya ɗora a kan teburi, maza suka daina cewa wucewa suke yi suka shimfiɗa tabarma. Ma'u ta zauna a gaba cikin farin tob. Nasiba ta tsaya can baya jikin bango.

Aka yi yaƙin ƙarshe, dutse ya tsage, ruwan sama ya sauko. Mai rawani ya je ƙofar uwar Raslan ya durƙusa, ya fara warware rawanin. Ba a jin ko tari. Da ƙyallen ƙarshe ya faɗi sai ga fuskar wani mutum da aka gani sau ɗaya tak a farkon wasan, ɗaure da sarƙa a kasuwar bayi.

Wuri ya kaure. Fatsuma ta miƙe tana cewa tashar ce ta yanke wasu kashi, ba haka labarin yake ba. Sulaiman tela ya ce ai shi tun farko ya ce ba Raslan ba ne, aka taso masa ca, aka ce kai ƙanensa ka ce. Wani ya ce gishiri ai ruwa na narkar da shi, tunda an yi ruwa Raslan zai tashi, akwai ci gaba. Nan take rabin mutanen suka koma bayansa. Mero ta ce masu wasan ba su da tsoron Allah, sun cinye wa mutane wata guda.

Ma'u na zaune a wurinta. Ta kalli uwar Raslan a talabijin tana shafa kan bawan nan, har rubutun sunayen 'yan wasa ya fara hawa. Sannan ta dafa ƙasa ta tashi, ta ratsa mutane, ta wuce Nasiba kamar ba ta gan ta ba.

Ta koma gado, ta koma fuskantar bango. Nasiba ta kai mata kunu ta dawo da shi, ta kai mata shayi ya huce a wurin. A rana ta uku da safe, Nasiba na shara, ta ji muryarta daga ɗaki.

"Nasiba."

"Na'am, Inna."

"Motar Damazin ƙarfe nawa take tashi daga Suki?"

Nasiba ta jingina tsintsiya. "Dangi sun je sau biyu, Inna. Ba su samo komai ba."

"Maza sun je sun gaisa da maza sun dawo. Ni ban je ba. Na zauna ina jiran akwatin talabijin ya ba ni labarin ɗana." Sannan ta ƙara, "Abin da Mero ta faɗa, na bar shi ya shiga kunnena. Ki yafe mini."

Kwana shida suka yi a Damazin, a gidan wata 'yar uwar Ma'u. Suka bi asibiti, suka bi ofisoshi, ana cewa su dawo gobe. Suka zauna a tashar da leburorin gona ke sauka, Ma'u na riƙe da hoton Bilyamin tana nuna wa duk wanda ya ji Hausa da wanda bai ji ba. A rana ta biyar wani makanike mai suna Abdussalami ya karɓi hoton ya daɗe yana dubawa.

"Na san shi, Hajiya. Gonarmu ɗaya. Ranar da aka fara harbi ya ɗaura tirela a tarakta, ya kwashi mata da yara, ya yi gabas wajen iyakar Habasha. Ni na yi arewa da ƙafa."

"Ya isa?" in ji Nasiba.

"Wallahi ban sani ba, 'yar uwa. Ba zan yi miki ƙarya ba. Wasu sun isa sansani, wasu ba su isa ba. Da raina na gan shi yana tuƙi, iyakar sanina ke nan."

Ya ce akwai wani direban lori, Alhasan, da ke kai kaya har bakin iyaka duk wata. Suka same shi washegari, Nasiba ta rubuta sunan Bilyamin da na ubansa da na ƙauyensu a takarda uku, da lambar wayar shagon mijin Fatsuma, ya ce zai ba masu shiga sansanonin.

Suka dawo gida ana shirin shukar dawa. Ma'u ta ce ba za a ba kowa hawashar ɗanta ba, su biyu za su shuka ta. Ita ke sara rami, Nasiba na binta da iri tana rufewa da ƙafa. Alhasan ya yi waya sau ɗaya a ƙarshen watan, ya ce ya ba da takardun, ba a ce komai ba tukuna, zai sake tambaya in ya koma.