Ranar da Aka Kori Gadon Auta

Auta ta rasu a gida, cikin hutun makaranta. Zazzaɓi ne. Kafin in dawo cikin hayyacina ƙannena mata sun wanke kayanta kaf sun rabar, wai don kada in riƙa gani ina kuka. Da kyakkyawar niyya suka yi. Amma na bi ɗakin lungu-lungu ban samu ko ƙyalle ɗaya mai ƙamshin jikinta ba. Sai daga baya na tuna da bargonta mai ruwan toka, wanda ta bari a makarantar kwana. Auta ba mai wanki ba ce, Allah ya jiƙanta. Na san bargon nan bai ga ruwa ba.

Wata Asabar da safe na hau mota na tafi karɓo shi.

Matar da ke kula da ɗakunan kwana, 'yan matan na ce mata Inna Mabuɗi, saboda tarin mabuɗan da ke rataye a ƙugunta. Ta yi mini gaisuwa har da hawaye, ta ba ni ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta gyara zama.

"Maman Auta, ba zan ɓoye miki ba. Bargon nan ba zai fita ba."

"Ni fa na saya mata shi."

"Na sani. Amma mu a nan ba mutum muke lissafawa ba, gado muke lissafawa. Da gado ake raba abinci, da gado ake raba shara, da gado ake horo. Gadon Auta har yanzu ɗalibi ne. Kayan ɗalibi kuwa ba sa fita ƙofa sai in ya gama karatu, ko an kore shi."

"Inna, yarinyar ta rasu."

"Yarinyar ta rasu, Allah ya yi mata rahama. Gadon fa? Aji huɗu yake. Da sauransa."

Ta dafa ni, ta ce kada in damu, gobe ma ranar wankin barguna ce. Duk bargon da ke makarantar sai ya shiga tukunyar tafasasshen ruwa da sabulu. In lokaci ya yi zan same shi fes.

Na roƙe ta dai ta bar ni in ga inda yarinyata ke kwana.

Ɗakin dogo ne, gadajen ƙarfe masu hawa biyu a jere, bokitai a ƙarƙashi, tawul a rataye a igiya. Na wuce gadon Auta ban gane shi ba. Sai da shugabar ɗakin, wata doguwar yarinya da suke kira Kyaftin, ta jawo ni baya. Farin zanen gado an ja shi tsaf ba ko lanƙwasa, matashin kai a tsakiya kamar an auna. A jikin ƙarfen an ɗaure jan ƙyalle, irin wanda ake ba wanda ya fi kowa tsabta.

"Mama, mu ke yi masa komai," in ji Kyaftin. "Muna share masa rabonsa, muna ɗebo masa ruwa. Tun da aka dawo hutu ba wanda ya ƙwace jan ƙyallen nan. Ana ma maganar ba shi shugabancin ɗalibai baɗi, tunda ba a taɓa kama shi da surutu ba."

Ta rage murya, ta ce bargon yana ƙarƙashin farin zanen, ba su bari an taɓa shi ba. Na miƙa hannu, sai na janye. Na san in na sa fuskata a ciki ba mai tashe ni daga wurin.

Na tambaye ta ko zan iya cusa shi a jaka in fita. Ta girgiza kai. Mai gadin ƙofa, ta ce, har goyo ya taɓa sa aka kwance don ya duba.

Na zauna a kan wani akwatin ƙarfe ina kallon gadon. Can na ce, "To a kore shi mana."

Sai wata ta leƙo daga gadon sama, wadda suke kira Mai Munshari.

"Mama, in an kore shi burodinsa fa? Ni nake ci masa."

"Ji maras kunya," in ji Kyaftin. "Ana maganar uwa da 'yarta kina maganar cikinki."

"Ai taimakonsa nake yi. In aka ga ya bar abinci sai a kai shi asibiti."

Duk da haka ita ce ta fara saukowa. Ranar Asabar malamin horo ke zagayen duba tsabta kafin abincin rana, lokaci ya ƙure. 'Yan matan suka bazu. Wata ta kwaso sharar baranda ta zube a gaban gadon. Wata ta jiƙa safa ta shanya a kan matashin. Mai Munshari ta ciro abin dafa ruwa na lantarki daga cikin rufin ɗaki, wanda aka haramta, ta sumbace shi kamar mai bankwana da ɗan'uwa, ta tura shi ƙarƙashin katifa ta bar wayar a waje. Ni na zauna a gefe na murje zanen da hannuna, ina kaffa-kaffa da bargon.

Malamin horo gajere ne, yana tafe da sanda a hammata, yana shafa yatsa a tagogi yana dubawa. Inna Mabuɗi na biye da shi. Da ya iso wurinmu ya tsaya cak. Ya dubi sharar, ya dubi safar, ya jawo wayar har abin dafa ruwan ya faɗo ƙasa. Sai na ga idonsa ya kaɗa.

"Kai ma?" ya ce da gadon. "Kai da nake ba da misali da kai a taron safe?"

Gadon bai ce komai ba.

"Wa ya ba ka wannan abin? Magana nake yi maka."

Shiru.

"Inna, kin gani ko? Ko kallona ba ya yi. Da na ɗauka kunya ce. Ashe raini ne."

Inna Mabuɗi ta ce ga mahaifiya nan ta zo. Ya juyo, ya rusuna ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya sosai, mutumin kirki ne. Sannan ya ce laifin na kora ne, amma tunda na farko ne, kuma ga halin da nake ciki, in na ba da haƙuri zai sassauta. Gadon zai yi yankan ciyawa na mako guda, shi ke nan, ya ci gaba da karatunsa.

Na hango tukunyar gobe. Kyaftin ta zuba mini ido.

"Malam," na ce, "kada ka sassauta. A gida ma haka take."

"Haba dai."

"Wallahi. Kwanon da ta ci abinci a ƙarƙashin gado take turawa, sai wari ya tona mata asiri. In na tashe ta da safe sai ta ce in ba ta minti biyu, minti biyun nan har rana ta take. In na aike ta sayen gishiri, sai ta dawo da labarin faɗan da aka yi a titi, ba gishiri. In na yi faɗa ta yi tsaki, in na juyo ta ce haƙori take sakacewa."

"A nan ma," in ji Mai Munshari daga baya. "Ta cinye mini sukari ta zuba yashi a gwangwanin."

"Ita ke kwaikwayon tafiyarka, Malam," wata ta ce. "Har da sandar."

Aka fashe da dariya, ni ma ina yi, ruwa na zuba a fuskata ban share ba. Tun da ta rasu kowa cewa yake yarinyar kirki ce, mai ladabi, mai hankali, har na fara rasa wadda suke nufi. Ran nan ne kaɗai aka yi maganar Auta tawa. Na ci gaba da zubawa, ba na son in tsaya. Sai da malamin ya ɗaga sanda.

"Ya isa. Da kwaikwayon tafiyata?"

Ya kwance jan ƙyallen da hannunsa, ya ninke ya sa a aljihu. Ya tsaya ƙyam a gaban gadon, ya ce an kore shi daga yau, ya tattara kayansa kafin a buga ƙararrawar abinci. Inna Mabuɗi ta yaye farin zanen tana sharar ƙwalla, tana cewa ita dai ta yi iya ƙoƙarinta a kan tarbiyyarsa. Ta naɗe bargon ta ɗora mini a hannu. Ɓarɓashin burodi ya zubo daga ciki.

'Yan matan suka raka ni har inda aka yarda su kai. Mai Munshari ta ce in gaida gida, kuma in sani ta yafe sukarin.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare ni, ya dubi bargon.

"Gamawa ko kora?"

"Kora."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Yaran yanzu sai addu'a. Allah ya shirya miki ita."

Na ce amin.

Ban kai titi ba. A gindin katangar makarantar na durƙusa na sa fuskata a ciki. Man da take shafawa, da gumi, da ɗan warin safa. Motoci suka zo suka wuce, masu kiran fasinja suna ta kira, ban ɗago ba.