Inda Kashin Tsuntsu Ya Taɓa Ruwa

Duk gaɓar Sumbejun babu masuncin da teku ta tauna ta tofar kamar tsoho Ngalla Mbeng. Sau uku, a tambayi kowa! Na huɗun da la'asar ne, ranar da ya fita da Biram, mijin 'yarsa. Inji ya yi tari ya mutu, igiyar ruwa ta shiga tura kwalekwalensu zuwa tsibirin nan da ba kowa sai tsuntsaye.

Dutsen wurin baƙi ne ƙirin. Wuta ce ta amayo shi tun kafin kakan kowa, ya daskare a tsaye kamar an jera turame. Kwalekwalen da ya gaisa da shi, sai dai a tsinci katako.

"Baba, hagu!" in ji Biram, yana jan filafili. "Ga dutse can a kwance, sumul, za mu iya hawa."

"Wa ke yi masa wanka?" in ji Ngalla. "'Yata?"

"Na'am?"

Kafin ya rufe baki igiya ta hau dutsen nan nasa mai tsabta, ta shafe shi har ƙeya. Biram ya kama salati.

Ngalla bai san alif ba, amma dutse allonsa ne. Baƙaƙen tsuntsaye masu dogon wuya sun cika saman tsibirin, kashinsu ya zubo fari fat. Inda farin ya tsaya can sama, igiya ce ke lashe ƙasan. Shi wurin da farin ya sauko har bakin ruwa yake nema.

Ruwa ya kai musu ƙwauri a cikin kwalekwalen. Dutse ya matso, har suna jin numfashinsa.

"Dama!" in ji Ngalla. "Ja!"

"Baba, bango ne! Ga wari!"

"Wari ya taɓa binne wani? Ja, ɗan boko, ba zan kai wa 'yata takaba ba!"

Biram ya ja. Igiya ta ɗaga su, ta jefa su cikin wata 'yar tsaga da ba a gani sai an zo kanta. Gefen kwalekwalen ya goge dutse, ƙiiii, sannan shiru. Ruwa kwance kamar a ƙwarya.

Wani tsuntsu ya sako wa Biram nasa rabon a tsakar ka. Ya ɗaga hannu zai share.

"Kul!" in ji Ngalla. "Ba a gogewa a nan. Godiya ake yi."