Zauren Baba Goni

"Ka zo da akwatin hoton naka?" in ji Baba Goni, yana ƙoƙarin ɗaga kai daga tabarma.

Boniface mai hoto ya jingine kekensa, ya durƙusa. "Yau gaisuwa kawai na zo, Baba. An ce jikin ya matsa."

"Jiki da sauƙi. Zauren nan ne babu sauƙi."

Shekara goma sha biyu ke nan da jirgin ƙasa ya sauke Boniface a Kano, bai san kowa ba. Baba Goni ne ya ba shi ɗaki a jikin gidansa a Fagge. A wannan zaure ya koyi Hausa, a nan ya fara cin burabusko, kafin ya yi aure ya buɗe shagon hoto a Sabon Gari. Yanzu kuwa Dabo, babban ɗan tsohon, ya gama magana da wani ɗan kasuwa: za a rushe zauren a yi kantin yadi na siminti.

"Mahaifina ya gina shi, shekarar da ya zo daga Barno," in ji Baba Goni. "Dubi zanen bakin ƙofar can. Da yatsa magini ya yi shi, tun ƙasa tana ɗanya. Ka san ni ban taɓa yarda an ɗauke ni hoto ba. Amma zauren nan ka ɗaukar mini, jikokina su ga inda aka raɗa wa iyayensu suna."

"Ranar Litinin, Baba. Da hantsi, haske ya fi kyau."

Litinin ta zo da ma'aikatan reluwe cike da shago, kowa yana son hoton aika wa gida. Asabar aka yi biki a coci. Mako ya juyo, ga 'yan ƙwallo da kofinsu. Matarsa Ebere ta ce, "Har yanzu ba ka je wurin Baba ba?"

"Fagge ce fa, ba gudu za ta yi ba."

Ranar da ya ɗaure akwatin a bayan keke ya tafi, tun daga nesa ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, mutane zaune jugum. Ƙafarsa ta zame daga feda.

"Jiya da la'asar aka kai shi," in ji Dabo.

"Haba Dabo! Me ya sa ba a aiko mini ba?"

"Shi ya hana. Kullum da hantsi sai ya sa a fito da shi nan. Ya ce ka ce kana tafe, kada a matsa maka."

Boniface ya zauna a gefen tabarma, ya ce Allah ya jiƙansa. Kunya ta hana shi kafa akwati a gaban masu makoki. Ya ce wa kansa sai an yi sadakar bakwai.

Rana ta takwas ya komo da sassafe, amma lebura sun riga shi. Azara tana jibge a gefe, ƙofar zauren tana kwance a ƙasa, ana hango tsakar gida daga titi.

"Malam, matsa da kekenka," in ji wani mai jakuna.

Ya matsa. Jakuna huɗu suka wuce shi ɗauke da mangala cike da jar ƙasar zauren, suka nufi Rijiyar Lemo, ƙasar tana zubowa kaɗan-kaɗan a bayansu.