Idanun Emil

"Hagu! Na ce hagu, tsohon nan! Ko kunnen ma ya bi idon ne?"

Dolores ce ke wannan kira daga cikin a-kori-kurata, ta sauke gilashi, tana ƙudundune cikin barguna. Mijinta Emil yana tsaye a tsakiyar rafi da wandon roba, ruwa ya kai masa cinya. Ni kuma maƙwabciyarsu ina gaɓa ina rawar ɗari. Farkon Afrilu ne, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a gindin itatuwa ba.

Emil ya kaɗa sandar kamun kifi, zaren ya yi baya ya dawo, ƙudan jabun da ke bakin zaren ya sauka a kan ruwa a hankali. Dolores ce ke haɗa masa ƙudajen nan, ta naɗa gashin zakara a jikin ƙugiya har kifin turawut ya ɗauka ƙwaro ne. Tun da ciwon suga ya tafi da ganinsa, ita ke tsaya masa a gaɓa. Ta ga inda kifi ya taso ta faɗa, shi kuma ya jefa. Duk garinmu na nan Pennsylvania an san muryarta.

Amma a ranar tari ya sarƙe ta. Ta yafuto ni da hannu.

"Rhonda, daga yanzu ke za ki riƙa faɗa masa."

"Ni? Motar 'yan makaranta nake tuƙawa, Dolores. Me na sani game da kifi?"

"Wadda ke hango yaro ta madubi yana mintsinin ɗan'uwansa a kujerar ƙarshe? Za ki ga kifi." Ta rage murya. "Likita ya ce ciwon dajin ya kai hanta. Ba zan ga watan Mayu ba. Ɗanmu Wendell kuma har ya samo masa ɗaki a gidan tsofaffi a Ohio, wai makaho ba ya zama shi kaɗai. In aka raba mutumin nan da ruwan nan, ya gama. Ni kuwa ban yarda ba."

Ba ta bar ni na yi kuka ba. Ta nuna min inda ruwa mai gudu ke haɗuwa da mai kwanciya, ta ce kada in nemi kifin, in nemi zoben da yake bari in ya taɓa saman ruwa. Da sanyi irin wannan, in ji ta, ba sa tasowa sai rana ta ɗaga.

Na farko da na kira, ƙugiyar ta maƙale a reshe.

"Yau tsuntsu za mu ci ke nan," in ji Emil.

Can na ga zoben, ƙarami, a bayan wani dutse. "Dama kaɗan! Ƙara nisa!" Ya jefa. Ruwan ya motsa, na yi ihu, sandar ta lanƙwashe. Ya jawo kifin a hankali, ya laluba shi da jiƙaƙƙen hannu, ya zare ƙugiyar ya sake shi.

"Ba laifi," ya ce. "Kuma ku sani, makaho ne ni, ba kurma ba. Duk ƙulle-ƙullenku na ji."

"To ka ji," in ji Dolores. "Sai me?"

Daga wannan fita ba ta ƙara barin gida ba. Aka sauko da gadonta falo, kusa da taga. Wendell ya zo, na kai musu miyar kaza, na tarar tana gaya masa kai tsaye: "Ubanka ya san gidan nan a duhu fiye da yadda ka san naka da fitila. Rhonda na nan. Maganar Ohio ta mutu kafin ni." Wendell ya dube ni. Na ce masa ƙofata da tasu taku kaɗan ne, kuma ba inda za ni.

Wata safiya na shigo na sami Emil zaune a gefen gado yana riƙe da hannunta. Wendell ya tafi kantin magani. Tukunyar kofi tana ƙara a kicin.

"Rhonda ce?"

"Ni ce."

"Na daina jin numfashinta. Zo ki duba min. Ki faɗa min abin da kika gani, kada ki gyara."

Na matso na duba. Na daɗe ina duban bargon a kan ƙirjinta.

"Ta tafi, Emil."

Ya gyaɗa kai. "Fuskarta fa?"

"A sake take. Kamar wadda ta yi gardama ta ci."

Ya yi 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa. "Idanunta a rufe?"

"A'a."

"Kai min hannuna."

Na kama yatsunsa na ɗora a goshinta. Rufe idanun kuwa shi ya yi da kansa.

Bayan an yi mata addu'a a coci an binne ta, Wendell ya koma Ohio shi kaɗai. Ranar Asabar da hantsi Emil ya ƙwanƙwasa min ƙofa da sandarsa ta kamun kifi, ya riga ya sa wandon roba. Muka tafi. Ya jima a cikin ruwa, ba mu sami komai ba, har yatsunsa suka ƙage. Ya fito ya zauna a kan wani kututture, na zuba masa kofi a murfin filas. Ya riƙe shi da hannu biyu bai sha ba, ya juya fuskarsa wajen rana, tururin yana hawa tsakanin yatsunsa.