Saƙo Ta Bakin Gwaggo Tani

A gidan Alhaji Falalu da ke Nassarawa GRA, magana ba ta tafiya kai tsaye daga uba zuwa 'yarsa ta fari. Sai ta biya ta ɗakin Gwaggo Tani, ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ƙarasa. Alhaji lauya ne, shekara talatin da biyu yana tsayawa gaban alƙalai ko gezau, amma da Sa'adatu ta shigo falo sai ka ga bawan Allah ya ɗauki jarida yana nazarin tallan siminti. Kunyar 'yar fari ce. Haka ya taso ya gani a gidansu can Ringim, kuma duk bokon da ya sha bai kankare ta ba. Ko sunanta ba ya kamawa, 'yar Gwaggo yake cewa, domin Gwaggo Tani yayarsa ce, kuma ita ta riƙe yarinyar tun daga yaye.

Sa'adatu ta gama karatun lauya, aka rantsar da ita, sai ga jami'o'i biyu sun ba ta gurbin digiri na biyu a mako guda. Ɗaya a nan Kano, kan shari'ar gado da filaye, irin aikin da ofishin mahaifinta ya yi suna a kai, tafiyar minti ashirin a mota daga ƙofar gida. Ɗayar a Legas, kan dokokin jiragen ruwa da kayan da suke ɗaukowa. To can ranta yake. Tun ranar da ta ji labarin wani ɗan kasuwar atamfa da kwantenarsa ta yi wata takwas a bakin teku, ya rasa lauya ɗan gida da zai fahimci maganarsa, ta ƙudurta cewa wannan aikin nata ne. Mutanen Legas sun ba ta zuwa ranar Alhamis, ko ta karɓi gurbin ta intanet ko ta sake shi.

Ta samu Gwaggo a ɗaki tana gyaran zogale, ta roƙe ta ta jiyo mata ra'ayin Abba. Gwaggo ta tambaye ta ita wanne take so. Nan fa tarbiyya ta yi aikinta. Yarinyar da ta iya tsara hujja shafi goma ta sunkuyar da kai, ta ce duk wanda Abba ya zaɓa shi ne nata. A ranta kuwa ta bar wa Gwaggo sauran, ai wadda ta goya ka ba sai ka faɗa mata komai ba.

Bayan la'asar Gwaggo ta shiga wajen Alhaji, ba ta jima ba ta fito. Kalma ɗaya ta kawo: Kano.

Sa'adatu ba ta yi musu ba. Ta zauna cikin motarta a gindin darbejiyar tsakar gida ta yi kukanta ta ƙoshi, ta goge fuska. Ranar Talata ta buɗe kwamfuta ta saki gurbin Legas. Ta ji haushin mahaifinta ƙwarai, irin haushin da babu inda za a kai shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya dawo da baƙo, Barista Abdulbaqi, abokin karatunsa da ya daɗe yana aikin lauya a Legas, mutum mai faɗin murya wanda bai san wani abu wai shi rufa-rufa ba. Aka jera musu tuwon shinkafa da miyar taushe. Sa'adatu ta shiga ta durƙusa ta gaishe su, tana shirin miƙewa baƙon ya tsayar da ita.

"'Yata, yaushe za ki iso? Mako uku ke nan mahaifinki ya hana ni sakat a waya. Na ware miki tebur a ofis, Hajiyata ta gyara miki ɗaki. Shari'ar jiragen ruwa muke yi safe da yamma, kina karatu kina ganin aikin da idonki."

Sa'adatu ta ji kamar an ɗauke wuta a kanta. Ta dubi baƙon, ta dubi mahaifinta, abin da ba ta saba yi ba. Shi kuwa yana ta faman gutsurar tuwo, kunnensa a wajenta, har da ɗan murmushin wanda asirinsa na alheri ya tonu.

Sa'adatu ta juya ga baƙon. Ta ce ai ta saki gurbin tun Talata, an ce mata Abba Kano ya zaɓa.

Lomar da ke hannun Alhaji ba ta kai baki ba. Ya mayar da ita kwano a hankali. Sannan ya aika a kira Gwaggo. Ta shigo da carbinta, ta nemi kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Yaya, me na ce miki ranar nan?"

"Cewa ka yi duk wanda ta zaɓa."

"To?"

"Ita ma cewa ta yi duk wanda ka zaɓa. Kai ka turo min, ita ta turo min. Da na ga ba mai so, sai na zaɓa."

Ashe Alhaji ya daɗe da sanin inda zuciyar 'yarsa take, yana ganin littattafan da take bari a kan teburin falo. Ya ɗauka magana ta ƙare, Legas za ta, har ya yi ta shiri a ɓoye. Tambayar Gwaggo yadda aka kwana kuwa ya ga kamar zaƙewa ce a kan 'yar fari, sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Barista Abdulbaqi ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce shi dai a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin lauyoyi biyu a gida ɗaya sun ba da wuƙa da nama irin haka ba. Babu wanda ya yi dariya.

Nan take Sa'adatu ta kira jami'ar ta Legas. Wata mata ta ɗauka, ta duba, ta ba ta haƙuri cikin ladabi. Tun Laraba aka ba wa na gaba a layi gurbin, kuma ya karɓa. Sai dai ta sake nema baɗi, tare da kowa.

Ta bi Gwaggo ɗaki ranta a ɓace, ta shirya maganganu masu zafi. Ta tarar da tsohuwar zaune a bakin gado, ta yi ƙanƙanta a cikin mayafinta. Sa'adatu ta ce, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba, ai ta ɗauka Gwaggo ta san abin da take so.

"Na sani mana. Tun kafin ki shigo ɗakin nan na san Legas ce."

Wannan ya fi komai girgiza ta. Da kuskure ne da ta san yadda za ta yi da shi. Ta tsaya riƙe da labule, ta kasa shiga ta kasa fita.

"Da kin faɗa da bakinki, wallahi da na kai masa yadda kika faɗa," in ji Gwaggo. "Ba ki faɗa ba. Ni kuma shekara ashirin da uku ina jin motsinki a gidan nan." Ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗago ta dube ta sosai. "Baɗi in kin sake nema, ki je ki same shi da kanki. Kada ki biyo ta kaina, Sa'adatu. Sake yi zan yi."